Ma'aikaciya ce ko 'yar kwangila? Shari'ar Christa Ackroyd da hukumar harajin Birtaniya

Shekara 12 mutanen Yorkshire, a arewacin Ingila, suka yi suna ganin fuskar Christa Ackroyd kowace yamma. Da ƙarfe shida da rabi za ta bayyana a talabijin tare da abokin aikinta Harry Gration, su karanta labaran yankin a shirin Look North da BBC ke watsawa daga birnin Leeds. Kafin nan ta daɗe tana gabatar da Calendar, shirin gidan ITV da ke gogayya da na BBC a yankin. A 2001 BBC ta yi zawarcinta ta ɗauke ta, don tana so ta janyo masu kallo daga wajen kishiya.

A farkon 2013 sai aka daina ganinta. Zuwa tsakiyar shekarar BBC ta soke yarjejeniyar da ke tsakaninsu, a lokacin da hukumar tara haraji ta Birtaniya, HMRC, ke bin diddigin kuɗin da aka biya ta. Abin da hukumar ta nema a ƙarshe ya kai fam 419,151 na shekarun haraji daga 2006/07 zuwa 2012/13. Ba a zarge ta da ɓoye kuɗi ba. Rigimar duka a kan tambaya ɗaya take: matar nan ma'aikaciyar BBC ce, ko 'yar kwangila ce mai zaman kanta?

Duk mai kallo zai rantse ma'aikaciya ce. A takarda kuwa BBC ba ta taɓa ɗaukar ta aiki ba. Da wani kamfani mai suna Christa Ackroyd Media Ltd ta ƙulla yarjejeniya. Kamfanin nata ne, kuma ba shi da wata haja ta sayarwa sai muryarta da fuskarta da gwanintarta. BBC ta biya kamfanin, kamfanin kuma ya biya ta. Irin wannan kamfani na mutum ɗaya ya cika Birtaniya a wancan zamani, tun daga injiniyoyin kwamfuta har masu gabatar da shirye-shirye.

Inda kuɗin yake

Ma'aikacin albashi a Birtaniya ba ya ma ganin harajinsa. Kafin kuɗi ya shiga asusunsa, mai aikin, wato wanda ya ɗauke shi aiki, ya riga ya cire harajin kuɗin shiga da kuɗin inshorar ƙasa ya aika wa hukuma, ƙarƙashin tsarin da ake kira PAYE, wanda ma'aikatan gwamnati a Najeriya ma suka san shi a takardar albashinsu. Ban da wannan, shi kansa mai aikin yana biyan nasa kason na inshorar ƙasa a kan kowane ma'aikaci, daga aljihunsa. A shekarun da ake magana kason nan kashi 12.8 cikin 100 ne, daga Afrilun 2011 ya koma 13.8. A kan mai ɗaukar albashin fam 100,000, kuɗin ya haura fam 12,000 a shekara. Sannan ga hutun shekara da albashi, ga kuɗin jinya, ga fansho, ga kuɗin sallama idan aka rage ma'aikata.

Idan kamfani aka biya, duk wannan nauyi ya sauka daga kan mai aikin. Kuɗi yake turawa dunƙule, shi ke nan. Kamfanin mutum ɗayan kuma zai cire abin da ya kashe wajen gudanar da harka, ya biya harajin kamfani a kan ribar da ta rage, wanda a lokacin yake tsakanin kashi 19 da 21 ga ƙananan kamfanoni. Mai kamfanin yana iya yanka wa kansa ɗan ƙaramin albashi, sauran ya ɗauka a matsayin rabon riba. Rabon riba ana biyan haraji a kansa, amma babu kuɗin inshorar ƙasa ko kwabo. Yana kuma iya barin kuɗin a asusun kamfani har shekarar da ta fi masa sauƙi. Ga mai samun fiye da fam 150,000, wanda daga 2010 zuwa 2013 ake karɓar rabin duk abin da ya haura wannan adadi, wannan dama ba ƙarama ba ce.

Kowa ya ci riba ke nan, in ban da baitulmali. Shi ya sa a kasafin kuɗin Maris 1999, lokacin Gordon Brown yana ministan kuɗi, gwamnati ta sanar da wata sabuwar doka. Takardar sanarwar da hukumar haraji ta fitar ita ce ta 35 a jerin na ranar, daga nan dokar ta samo sunan da ya bi ta har yau, IR35. Ta fara aiki a Afrilun 2000. Abin da ta ce a taƙaice shi ne: a ɗauke kamfanin daga tsakani, a ƙaddara cewa mutumin da mai aikin kai tsaye suka yi yarjejeniya. Idan wannan yarjejeniya ta ƙaddarawa ta yi kama da ɗaukar aiki, to a caji kuɗin kamar albashi. Kuma a tsarin farko na dokar, ƙaramin kamfanin ne zai biya komai, har da kason inshorar da ya kamata a ce mai aikin ne ya biya. A riƙe wannan, don a kansa zancen zai dawo.

Tela da yaron shago

Dokar ba ta faɗi ko wane ne ma'aikaci ba. Alƙalai ne suka daɗe suna auna wannan, kuma ma'aunin da suke komawa gare shi ya fito daga wata shari'a ta 1968, ta kamfanin siminti Ready Mixed Concrete da wani direban motar kwaɓa kankare. Direban yana sa kayan kamfani, motarsa fentin kamfani ne a jikinta, amma shi ya saye ta yana biya sannu a hankali, shi ke gyaranta, kuma yana iya sa wani direba ya tuƙa idan shi ba zai iya ba. Mai shari'a MacKenna ya ce ɗan kwangila ne. Ya kuma kafa sharuɗɗa uku: mutum ya yi alkawarin yin aikin da kansa a biya shi, mai aikin yana da ikon juya shi gwargwadon da zai zama ubangidansa, sauran sharuɗɗan yarjejeniyar kuma ba su saɓa wa ɗaukar aiki ba.

Abin ba baƙo ba ne a wajenmu. Ka kai wa tela shadda, ka faɗa masa irin ɗinkin da kake so da ranar da za ka karɓa. Ba ruwanka da ko da asuba zai ɗinka ko da tsakar dare, kekensa ne, zarensa ne, yana iya miƙa wa yaronsa ya yi kalmasa, yana da wasu masu kawo ɗinki ashirin ban da kai, idan kuma ya ɓata yadin asararsa ce. Yaron shago fa? Maigida ke faɗin lokacin buɗewa, shi ke cewa yau ka tsaya a kanta gobe ka tafi Kwari sarin kaya, ba ka da ikon turo ƙaninka ya tsaya maka ba da izini ba, kuma ko an yi ciniki ko ba a yi ba, ladanka na nan. Tambayar da ke gaban kotu ita ce a wane layi Ackroyd take.

Ita ta tsaya kan cewa tela ce. Ta shaida wa kotu cewa ba karanta rubutun wani kawai take yi ba. Tana kawo labarai, tana gyara abin da aka rubuta mata, tana zaɓar yadda za ta yi hira, kuma idan kyamara ta kunnu kai tsaye ba mai iya riƙe bakinta. BBC saboda gwanintarta ta neme ta, don ta gyara shirin, ba don a koya mata aiki ba. Ba ta da wani shugaba da ke auna ƙwazonta a ƙarshen shekara, ba ta da hutun ma'aikata, ba kuɗin jinya, ba fanshon BBC.

Kotun haraji ta matakin farko, a hukuncin da ta fitar a Fabrairun 2018, ta yarda da yawancin wannan, amma ta duba takardar yarjejeniyar ta ga wani abu dabam. Yarjejeniyar ta shekara bakwai ce. BBC tana da haƙƙin kiran ta aiki har kwana 225 a shekara, kuma ita ce ke da fifiko a kan lokacinta. Ana biyan kuɗin wata-wata, adadi sananne. Ba ta da ikon turo wani ya zauna a kujerarta. Ba za ta yi wa wata kafar yaɗa labarai aiki ba sai da amincewar BBC. Kusan duk kuɗin da ke shiga kamfaninta daga BBC yake fitowa. Game da iko kuma, kotu ta ce abin dubawa shi ne wa ke da maganar ƙarshe idan aka saɓa, ko da ba a taɓa saɓawa ba. Editan shirin ne ke da ita, kuma ƙa'idojin aikin jarida na BBC suna kanta. Ƙwararren likitan tiyata ma ba mai tsaya masa a ka yana nuna masa inda zai yanka, amma ma'aikacin asibiti ne. Hukunci: ba cinya ba, ƙafar baya. An kira abin kwangila, amma aikin albashi ne.

Ta ɗaukaka ƙara a kan batun ikon kaɗai. A Oktoban 2019 kotun sama ta tabbatar da hukuncin, ta ce ba sai an rubuta ɓaro-ɓaro a takarda cewa BBC na da ikon juya ta ba, yanayin aikin ya isa ya nuna haka.

Kuɗin Sky, da baƙaƙen kayan lauya

Akwai wani ƙaramin sashe na shari'ar da jaridu ba su damu da shi ba, ni kuwa a ganina ya fi kusa da rayuwar yawancin masu biyan haraji. Kamfanin Ackroyd yana mayar mata da kuɗin da take biya na tashoshin Sky a gidanta. Hujjarta mai ma'ana ce: mai gabatar da labarai dole ta san abin da duniya ke ciki, ta ga labaran wasanni, ta ga yadda abokan gogayya ke aiki. Kotu ta ƙi yarda a cire kuɗin daga abin da za a caje ta haraji a kai.

Dalilin yana cikin kalmomin doka, kuma a nan ne bambancin ma'aikaci da mai zaman kansa ya fi fitowa fili. Mai sana'ar kansa ana cire masa duk abin da ya kashe kacokan domin sana'ar, ba don wani abu dabam ba: hayar ofis, kayan aiki, kuɗin akanta, talla, tafiya zuwa wajen abokin ciniki, kason wayar da ya yi na harka. Ma'aikaci kuwa, sashe na 336 na dokar harajin albashi ta 2003 ya ƙara masa sharuɗɗa biyu masu tsauri. Dole kashe kuɗin ya zama wajibi ga duk wanda zai riƙe wannan aiki, ba shi kaɗai ba, kuma dole ya zama a cikin yin aikin kansa aka kashe. Abin da ka kashe don ka shirya wa aiki, ko don ka ƙara ƙwarewa, ko don ka isa wurin aikin, bai shiga ba. Shi ya sa ma'aikaci ba ya cire kuɗin motar zuwa ofis kullum, duk da cewa in bai je ba babu aikin. A 1994 kotun ƙoli ta lokacin, wato alƙalan Majalisar Dattawa, ta yanke wa wasu 'yan jarida irin wannan hukunci a kan jaridun da suke saye suna karantawa a gida: karatun shiri ne, ba shi ne aikin ba. Kallon Sky a falo ma haka.

Wata abokiyar sana'arta, Sian Williams ta shirin safe na BBC a lokacin, ta gwada tata sa'ar a 2010. Ta nemi a cire mata kimanin fam 4,500 na tufafin shiga situdiyo da gyaran gashi da wanki. Ta ce ba za ta iya maimaita kaya a gaban kyamara ba tare da aikinta ya shiga haɗari ba. Kowa ya san gaskiya ta faɗa. Kotu ta ce kaya ne da za a iya sawa a ko'ina, ba yunifom ba ne, don haka babu ragi.

Kada dai a ɗauka mai zaman kansa komai ya kawo rasit za a karɓa. Shari'ar da ake kafa hujja da ita a kan tufafi ta mai zaman kanta ce, lauya Ann Mallalieu, a 1983. Ƙa'idar kotu ta tilasta mata sa baƙaƙen kaya marasa ado, ita kuma a rayuwarta ba ta sa irinsu, masu launi take so. Ta nemi a cire mata kimanin fam 564 na saye da wankinsu. Alƙalan Majalisar Dattawa suka ce ko da aikin kotu ne kaɗai a ranta lokacin da take sayen kayan, tufafi suna rufe tsiraici suna kare sanyi, kuma wannan buƙata ce ta ɗan Adam ba ta lauya ba. Manufa ta zama biyu, sharaɗin "kacokan" ya rushe. Hular gashi da alkyabbar kotu dai ana cire kuɗinsu, don ba mai sa su ya tafi kasuwa. Na daɗe ina jin hukuncin nan ya yi tsauri, amma na gane abin da alƙalan ke gudu: idan aka buɗe wannan ƙofa, kowane ma'aikacin banki zai kawo rasit ɗin kwat ɗinsa.

Ga wanda IR35 ta kama, dokar farko ta bar masa kashi 5 cikin 100 na kuɗin da ya shigo a matsayin kuɗin tafiyar da kamfani, sai kuma ɗan abin da ma'aikaci ke iya cirewa. Daga Afrilun 2016 aka hana shi cire kuɗin mota da abinci na zuwa wurin aikin da ya saba zuwa. Wato yana ɗauke da ɗawainiyar kamfani, da akanta da inshora da rajista, amma ma'aunin ma'aikaci ake auna shi da shi.

Wadda ta yi nasara

Wata 13 bayan hukuncin Ackroyd, a Maris 2019, wata mai gabatar da shiri, Lorraine Kelly ta ITV, ta kayar da HMRC a kan kusan fam miliyan 1.2. Ita ma kamfani gare ta, ita ma kusan kullum tana kan allo. Amma kotu ta gano cewa ita ke juya shirin da ke ɗauke da sunanta, tana iya ƙin baƙon da ba ta so, tana da harkoki da yawa a waje da ba ta neman izinin kowa a kansu. ITV ba hayar ma'aikaciya ta yi ba, sunan Lorraine Kelly ta saya. Har mai shari'a Jennifer Dean ta yarda cewa abin da take yi a allo wasa ne irin na 'yan wasan kwaikwayo, don tana fitowa da fara'a da raha ko da ranta a ɓace yake, ko da ba ta son abincin da aka dafa a shirin. Wannan ya sa kuɗin da take biyan wakilinta ya zama abin cirewa.

Mata biyu, sana'a ɗaya, doka ɗaya, hukunci biyu. Za a iya kare kowanne daga cikinsu idan aka bi dalilan alƙalan. Abin da ba zan iya karewa ba shi ne a ce mutum ya san matsayinsa tun ranar da ya sa hannu, alhali alƙalai da manyan lauyoyi sai sun yi kwanaki suna muhawara kafin su sani. Kaye Adams, wata mai shiri a rediyon BBC na Scotland a lokacin, ta shafe kusan shekara 10 tana shari'a a kan fam 124,000 kafin HMRC ta haƙura a Janairun 2024, kuma ta ce abin da ta kashe wa lauyoyi ya fi kuɗin da ake rigima a kai. Mai ƙaramin ƙarfi ba zai kai nan ba, biya zai yi ko yana da gaskiya.

Wa ya kamata ya biya

A cikin hukuncin 2018 akwai wata magana da kotu ta yi da kanta: ba ta ga laifin Ackroyd ba don ba ta gane dokar ta shafe ta ba, domin ta nemi shawarar ƙwararru, kuma BBC ce ta ƙarfafa mata gwiwar yin aiki ta hanyar kamfani. Wata guda bayan haka, a Maris 2018, wasu masu gabatar da shirye-shirye suka bayyana gaban kwamitin majalisar dokoki suka ce su ma ba da son ransu suka buɗe kamfani ba, an nuna musu cewa in ba haka ba babu aiki. A 2019 shugaban BBC na lokacin, Tony Hall, ya nemi afuwar waɗanda abin ya shafa, kuma gidan ya ware har fam miliyan 12 don warware tsofaffin basussukan harajin.

Ban ce Ackroyd ba ta amfana da tsarin ba. Ta amfana, kuma harajin da doka ta ce a biya haƙƙin jama'a ne, da shi ake riƙe asibiti da makaranta. Ma'aikaciyar jinya da ake yanke wa nata tun kafin ta gani ba za ta ji daɗin a bar mai ɗaukar ninkin albashinta sau da yawa ta biya ƙasa da kasonta ba. Amma wanda ya tsara hanyar, ya tsira daga kason inshora na shekaru, ya tsira daga fansho da hutu da sallama, ba sunansa ke kan takardar bashin ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Abin da ya fi ci mini rai kuma shi ne hukuncin bai mayar da ita ma'aikaciya ta kowace fuska ba. A Birtaniya dokar haraji dabam, dokar ƙwadago dabam. Kotun haraji ta ce a caje ta kamar ma'aikaciya, amma wannan bai ba ta hutun da ba ta samu ba, ko fansho, ko kariya daga kora. 'Yan uwanmu da ke aiki a can ta hannun dillalan aiki, likitoci da ma'aikatan jinya da masu aikin kwamfuta, sun san wannan matsayi na tsaka-mai-wuya, don tallan aikin kansa yakan faɗa musu tun farko ko yana cikin IR35 ko yana wajenta, kuma kuɗin da zai rage a hannu ya danganta da wannan kalma ɗaya.

Gwamnati ta gyara rabin matsalar. Daga Afrilun 2017, idan hukumar gwamnati ce ko wata cibiya ta jama'a irin BBC ta ɗauki mutum ta hanyar kamfaninsa, ita ce za ta tantance matsayinsa, kuma idan ya faɗa cikin dokar, wanda ke biyan kamfanin shi zai cire haraji ya kuma biya kason inshorar mai aiki. A Afrilun 2021 aka faɗaɗa wannan zuwa manya da matsakaitan kamfanoni masu zaman kansu, bayan an ɗage shi shekara guda saboda annobar korona. Kashi 5 ɗin nan na ɗawainiyar kamfani kuma ya tafi ga duk wanda sabon tsarin ya shafa. Batun hutu da fansho da sallama ba a taɓa shi ba.

Da a ce bayan Afrilun 2017 Christa Ackroyd ta zauna a kujerar Look North da irin wannan yarjejeniya, BBC ce za ta yanke ko ita wace ce, kuma BBC ce hukumar haraji za ta tuhuma idan aka yi kuskure. Tata yarjejeniyar ta mutu a 2013, shekara huɗu kafin nan.